Shiru Ma Magana Ce: Abin Da Masanan Harsuna Suka Gano Game Da Hira

Duk wanda ya zauna a gari irin Legas ko Badun ko Fatakwal, inda kabilu suke cuɗanya dare da rana, ya san irin ƙorafin da mutane sukan yi wa juna a kan magana. Wannan ya ce waɗancan mutane ba su da ta ido, kafin ka rufe baki sun tari numfashinka. Wancan ya ce su kuwa waɗannan girman kai gare su, sai ka yi musu tambaya su yi maka shiru suna kallon ƙasa. Abin mamaki, sau da yawa masu wannan ƙorafi suna jin harshen juna sarai, ko kuma sun haɗu a kan Turanci. Ashe ke nan akwai wani abu da yake tafiya tare da kalma, wanda masu ƙamus ba su rubuta shi ba, kuma shi ne yake haɗa mutane faɗa.

Wannan abu shi ne waɗansu masanan harsuna suka duƙufa a kansa yau fiye da shekara 50. Sun kasa aikin kashi uku. Na farko shi ne ilmin ma'ana, watau abin da kalma ko jimla take nufi ita kaɗai. Na biyu shi ne ilmin manufar magana, watau abin da mai magana yake nufi da ita a wurin da ya faɗe ta da kuma ga wanda ya faɗa wa. Na uku shi ne nazarin zance, watau yadda magana take bin magana har ta zama hira, ko ciniki, ko shari'a. Za mu kawo wa masu karatu kaɗan daga cikin abin da suka gano, domin ya shafi duk wanda yake neman abinci a tsakiyar mutanen da ba harshensu ɗaya ba.

ABIN DA BA A FAƊA BA

A shekarar 1967 wani Baturen Ingila mai suna Paul Grice, malamin falsafa wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Oxford, ya gabatar da jerin laccoci a Jami'ar Harvard ta Amurka, aka buga wani sashe daga cikinsu a 1975. Tambayar da ya ɗauko ita ce, yaya ake yi mutum ya faɗi abu ɗaya, mai sauraro ya fahimci wani abu dabam, kuma su duka biyun su rabu a kan cewa sun fahimci juna?

Amsar da ya bayar ita ce masu hira aikin gayya suke yi, kamar masu ɗaukar jinka, kowa yana dogara ga ɗan'uwansa. Mai sauraro yana kyautata zaton mai magana zai kiyaye abu huɗu. Zai faɗi gwargwadon abin da ake bukata, ba ƙari ba ragi. Zai faɗi abin da ya gaskata. Zai tsaya a kan abin da ake magana. Sa'an nan zai yi bayani a fili ba tare da kwana-kwana ba. To, idan mutum ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan da gangan, kuma a gaban idonka, ba ka ɗaukarsa mahaukaci. Sai ka shiga neman abin da ya ɓoye a ƙarƙashin maganar.

Ga misali, baƙo ya yi sallama ya tambayi yaro ko maigida yana nan, yaro ya ce, "Ga kekensa can a zaure." Ba a tambaye shi keke ba, amma baƙo ya sami amsarsa, har ma ya gane cewa yaron bai ga maigidan da idonsa ba. Haka nan a kasuwa, mai saye ya taya, mai kaya ya ce, "Albarka." Wanda ya koyi Hausa a littafi sai ya zaci an sa masa albarka ne, ya sa hannu cikin aljihu, alhali kuwa ce masa aka yi tayinsa bai kai ba. In kuma ka je neman rance aka ce maka, "Bari na yi shawara," kai ma ka san sauran.

Bayanin Grice ya karɓu ƙwarai, amma misalansa duka daga Turanci ya ɗebo su. A 1976 wata Ba'amurkiya mai suna Elinor Ochs Keenan, wadda ta zauna a wani ƙaramin ƙauye a tsibirin Madagaska, ta rubuta cewa mutanen wurin ba sa ɗaukar ba da cikakken labari a matsayin wajibi. Ana iya tambayar mutum inda mahaifiyarsa take, ya ce ko tana gida ko tana kasuwa, alhali ya san inda take. Ta kawo dalili biyu. Na ɗaya, a ƙauyen da kowa ya san cikin kowa, sabon labari dukiya ne, mai shi ba ya saurin rabuwa da shi. Na biyu, mutum yana gudun ya yanke magana ta zo ba haka ba, laifi ya hau kansa. Ta kuma lura cewa sukan guji kiran sunan mutum kai tsaye. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tun da a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace kuma takan ce "shi" ko "maigidan" maimakon sunan mijinta, kuma ba wanda yake cewa ta ɓoye wani abu.

Daga nan gardama ta tashi tsakanin masana. Shin dokokin hira iri ɗaya ne a duk duniya, ko kuwa kowace al'umma da nata? Gardamar ba ta yankuwa daga kan kujera, sai an fita an saurari mutane.

DA AKA SA AGOGO

Tun cikin shekarun 1960 wani malamin ilmin zaman jama'a a Amurka, Harvey Sacks, ya fara sauraron hirar mutane da aka ɗauka a rikoda, yana maimaita ta sau da yawa. Shi da abokan aikinsa Emanuel Schegloff da Gail Jefferson suka fitar da wata maƙala a 1974 wadda har yau ake komawa gare ta. Sun nuna cewa hira, duk da ba ta da shugaba ba ta da alƙali, tana da tsari irin na masu daka a turmi ɗaya: wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke, ba karo, ba kuma jira. Ita Jefferson ce ta ƙirƙiro hanyar rubuta hira wadda take nuna tsawon kowane shiru har zuwa kashi ɗaya cikin goma na sakan.

Amma wannan ma a kan masu Turanci aka yi shi. Matafiya kuwa sun daɗe suna ba da labari cewa mutanen arewacin Turai sukan yi dogon shiru kafin su amsa tambaya, waɗansu al'ummu kuma wai kowa magana yake yi a lokaci ɗaya. Sai a 2009 wani rukunin masana a ƙarƙashin Tanya Stivers, daga Cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da ke garin Nijmegen a ƙasar Holan, suka fitar da sakamakon awon da suka yi. Sun ɗauki hirar yau da kullum a bidiyo cikin harsuna 10 na nahiyoyi biyar: Turanci, da harsunan Denmak, Holan, Italiya, Japan, Koriya da Laos, da harshen Tzeltal na ƙasar Meziko, da Yeli Dnye na wani tsibiri a Papuwa Niyu Gini, da harshen Haiom na Namibiya. Abin da suka auna guda ne, watau tazarar da ke tsakanin ƙarshen tambaya mai neman "i" ko "a'a" da farkon amsarta.

Da aka haɗa lissafi, sai aka ga matsakaicin tazarar a duk harsunan 10 kashi 208 ne cikin 1,000 na sakan, watau misalin ƙiftawar ido. Mutanen Japan su ne suka fi kowa sauri, tazararsu kashi 7 kacal. Mutanen Denmak su ne suka fi jinkiri, tasu kashi 469. Masu Turanci suna tsakiya da kashi 236. Kun ga ke nan tsakanin mafi sauri da mafi nawa, bambancin bai kai rabin sakan ba. Dogon shirun nan da matafiya suke ba da labari, da aka sa masa agogo sai ya koma rubu'in sakan a kan na sauran mutane.

Akwai wani abu kuma da ya fito iri ɗaya a ko'ina. Amsar da ta yarda da mai tambaya takan fito da sauri, wadda ta saɓa masa takan yi jinkiri, haka nan "ban sani ba" takan makara fiye da amsa sosai. Saboda haka kunnen ɗan'adam ya saba da fassara jinkiri. In ka roƙi abu aka ɗan yi shiru, tun kafin a buɗe baki gabanka ya faɗi, har wani lokaci ka riga mai amsa ka ce, "In babu hali ba kome."

A nan ne hatsarin yake. Kowa da ma'aunin garinsu yake auna shirun wani. Wanda ya tashi inda ake amsawa nan take, in ya haɗu da wanda ya saba da ɗan dakatawa, ba zai ce a ransa wannan mutum ya ƙara rubu'in sakan ba. Cewa zai yi ba ya son taimaka mini, ko kuwa ƙarya yake shiryawa. Shi kuma wancan ya ce wannan ba shi da ladabi. Ƙaramin bambanci a agogo sai ya zama babban hukunci a kan halin mutum.

Masana sun kuma lura da wani abin al'ajabi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙwaƙwalwa tana bukatar misalin kashi 600 cikin 1,000 na sakan kafin ta shirya ko da kalma guda ta kai ta baki. Tun da amsa tana fitowa cikin kashi 200, lalle mai sauraro yakan fara haɗa amsarsa tun mai magana bai gama ba, yana kuma kintatar inda maganar za ta tsaya. Ba-Japane da Bature da manomin Meziko duk haka suke yi.

"IYE?" DA "NA GODE"

Masanan wannan cibiya ba su tsaya nan ba. A 2013 Mark Dingemanse da Francisco Torreira da Nick Enfield suka bi diddigin ɗan sautin nan da mutum yake yi in bai ji abin da aka ce ba. Sun same shi a harsuna 31, suka kuma auna shi filla-filla a guda 10, har da harshen Siwu na gabashin ƙasar Gana. A ko'ina gaɓa ɗaya ce gajera, mai kama da "a?" ko "e?", wadda ba ta bukatar motsa harshe ko leɓe da yawa, kuma tana ɗaukar muryar tambaya irin ta harshen. A inda ake ɗaga murya wajen tambaya sai ta ɗaga. A ƙasar Aisilan, inda tambaya takan sauka ƙasa, ita ma sai ta sauka. Wannan ya nuna koyonta ake yi kamar sauran kalmomi, ba kamar atishawa ko tari take ba. Bayan shekara biyu wani binciken a kan harsuna 12 ya nuna cewa masu hira sukan tsaya su nemi gyara ko maimaici misalin sau ɗaya a kowane minti ɗaya da rabi, kuma hanyoyin uku ne a ko'ina: ko ka nuna ba ka ji kome ba, ko ka tambayi gurbin da ya kuɓuce maka kamar "wa?" ko "ina?", ko ka maimaita abin da ka ji don a tabbatar maka. Bahaushe yana da duka ukun, ya kuma san cewa "iye?" ta sa'a ce, in babba ne ya yi magana sai "na'am?"

A 2018 kuma aka fitar da bincike a kan godiya cikin harsuna takwas: Turanci, da harsunan Italiya, Polan, Rasha da Laos, da Siwu na Gana, da Cha'palaa na ƙasar Ekwado, da Murrinhpatha na Ostireliya. An duba ƙananan roƙo na cikin gida tsakanin 'yan'uwa da abokai, irin su miƙo mini wuƙa, ko ba ni ruwa. An tarar cewa mafi yawan lokaci ana biya wa mai roƙo bukatarsa, amma a jimlace sau ɗaya ne kawai cikin 20 ake furta godiya. Su kansu Turawan Ingila, waɗanda aka sani da yawan godiya, misalin sau ɗaya ne cikin bakwai. Masu Cha'palaa kuwa ba a ji sun furta ko sau ɗaya ba. Masu binciken suka ce wannan ba butulci ba ne, alama ce ta cewa a tsakanin makusanta taimako hakki ne da kowa ya san zai rama. Mu ma in ƙane ya cika yi wa wansa godiya a kan ɗan abu kaɗan, sai ka ji an ce, "Haba, ai tsakaninmu ba godiya." Maƙwabtanmu Yarbawa kuma suna da al'adar sake gode wa mutum washegari a kan alherin jiya, wanda bai yi ba ana iya ganin bai yaba ba. Kowa yana godiya, lokacinta da wurinta ne suka bambanta.

SHIRUN GIRMA DA SHIRUN BAƘUNTA

Ban da ɗan shirun da ke tsakanin tambaya da amsa, akwai babban shiru wanda al'ada take umurni da shi. A 1970 Keith Basso ya rubuta a kan kabilar Apache ta jihar Arizona a Amurka, waɗanda Turawa suka daɗe suna yi wa kallon marasa fara'a. Ya gano cewa mutane ne masu hira da barkwanci, amma akwai wuraren da suke kame baki: in sun haɗu da baƙo, in saurayi da budurwa sun fara neman juna, in yaro ya komo daga makarantar kwana bayan dogon lokaci, in wani ya fusata yana zagi, da kuma in ana zaune da wanda aka yi wa rasuwa. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne ba a san yadda mutumin yake a wannan lokaci ba, don haka sai a saurara a gani tukuna.

A ƙasar Senegal kuma Judith Irvine ta yi nazarin gaisuwar kabilar Wolof, ta buga shi a 1974. Ta ga cewa na ƙasa shi yake fara gaisuwa, ya yi ta da sauri da babbar murya da yawan kalmomi, mai daraja kuwa ya amsa a hankali, a taƙaice, da ƙaramar murya. Wani masani ɗan Gana, Kwesi Yankah, ya rubuta littafi a 1995 a kan mai magana da yawun sarki a ƙasar Akan, inda sarki ba ya magana da jama'a kai tsaye sai ta bakin wannan bafade. Wanda ya taɓa faɗuwa gaisuwa a fadar Kano ko Zazzau ya ji fadawa sun amsa da "Sarki ya gaishe ka" ya san wannan tsari. A irin waɗannan wurare ƙarancin magana alamar girma ce. A ofishin da aka gina bisa al'adar Turawa kuwa, mai ƙarancin magana ana iya ɗaukarsa bai san aikinsa ba.

INDA ABIN YAKE CIN MUTUM

Wani zai ce wannan duk hirar malaman jami'a ce. To, ga abu biyu da suka faru. John Gumperz, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya ba da labari cikin littafinsa na 1982 game da wani ɗakin cin abinci na ma'aikata a wani babban filin jirgin sama a Ingila. An ɗauki waɗansu mata 'yan asalin Indiya da Pakistan aikin zuba abinci, ba da jimawa ba aka fara kukan cewa ba su da fara'a, su kuma suna kukan ana nuna musu wariya. Da aka ɗauki muryoyi aka saurara, sai aka tarar rigimar a kan kalma ɗaya take. In za a tambayi mutum ko yana son romo a kan namansa, Baturiya takan faɗi sunan romon ta ɗaga murya a ƙarshe, su kuwa waɗannan mata sai su sauke murya, yadda ake tambaya cikin ladabi a irin Turancinsu. A kunnen Bature sai abin ya zama kamar an ce, "Romo ne, in ka ga dama." Da aka zaunar da ɓangarorin biyu suka saurari faifan tare, kowa ya gane abin da ɗan'uwansa yake nufi, zaman ya gyaru.

Na biyun ya fi wannan nauyi. A jihar Queensland ta Ostireliya an yanke wa wata mata 'yar asalin ƙasar, daga cikin baƙaƙen da Turawa suka tarar a can, hukuncin ɗaurin rai da rai a 1988 saboda ta kashe mutumin da suke zaune tare. Ba ta ba da shaida a kotu ba, lauyoyinta kuma sun ce sun kasa samun bayani daga bakinta. Daga baya, da waɗansu 'yan jaridar talabijin da wani ma'aikacin jin daɗin jama'a suka zauna da ita a tsanake, sai ga labarin azabar da ta sha a hannun mamacin da barazanar da ya yi kafin abin ya faru. Wata masaniyar harshe, Diana Eades, wadda ta rubuta wa lauyoyi littafin jagora a kan Turancin waɗannan mutane a 1992, ta yi wa kotun ɗaukaka ƙara bayani. Ta ce a al'adarsu ba a neman babban sirri da tambaya kai tsaye, sai an saba, kuma shiru bayan tambaya alama ce ta mutum yana tunani zai yi magana. Lauyoyin kuwa da sun ji shiru sai su jefo wata tambayar. A 1993 kotu ta soke hukuncin, bayan matar ta shafe misalin shekara biyar a kurkuku. Eades ta kuma ja hankali ga wata ɗabi'a, watau mutum ya yi ta cewa "i" ga mai iko don a rabu lafiya, ko bai yarda ba, ko ma bai fahimci tambayar ba.

ABIN DA YA SHAFE MU

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi hakkin a samar masa tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Wannan hakki ne babba, amma binciken da muka zayyana yana nuna cewa juya kalmomi kaɗai bai wadatar ba. A ɗauka an gurfanar da wani ɗan kasuwa Bahaushe a wata kotu a kudu, aka tambaye shi ko ya karɓi kuɗin, ya ce, "Na dai karɓa." Duk Bahaushe ya san wannan "dai" tana cewa akwai sauran magana, a dakata a ji. In tafinta ya juya ta da cewa ya amsa ya karɓa, aka wuce zuwa wata tambaya, an yar da rabin amsar. Haka nan "to" da "na ji". Sau da yawa ma'anarsu ita ce maganarka ta shiga kunnena, amma a takarda sai su zama ya yarda. In kuma ya sunkuyar da kai don ganin girman alƙali, wanda ya saba da cewa mai gaskiya yakan dubi ido sai ya ga alamar rashin gaskiya.

Waɗannan ƙananan kalmomi, watau dai, fa, kam, kuwa, ma da kuma, su ne ake kira gishirin Hausa. Paul Newman ya yi bayaninsu cikin babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, wata Bajamushiya kuma, Constanze Schmaling, ta yi littafi sukutum a kansu. Mai karatu ya gwada da kansa: "Audu ya zo," "Audu ma ya zo," "Audu fa ya zo," "Audu kam ya zo," "Audu dai ya zo." Zuwan Audu guda ne, amma maganar biyar ce. Ta biyu tana cewa akwai waɗansu da suka zo, ta uku gargaɗi ce, ta huɗu tana ware shi daga waɗanda ba a tabbatar da zuwansu ba, ta biyar tana nuna shi ɗin ne aka gani, sauran sai a hankali.

Hausa ba ta cikin harsuna 10 da aka auna a 2009, ba ta kuma cikin takwas na binciken godiya, ko da yake masu magana da ita sun ninka masu Siwu ko Tzeltal sau da yawa. Malamanmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri sun yi aiki mai yawa a kan nahawu da adabi da ƙamus, har Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006. Kayan aikin irin wannan awo kuwa yanzu ba su da tsada, wayar hannu ma tana ɗaukar hoto da murya, abin da ake bukata shi ne yardar waɗanda za a ɗauka da haƙurin rubuta abin da suka ce. Wuraren da suka fi dacewa da shi suna nan kudu, a Sabo ta Badun, da Agege, da kasuwar Mile 12, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo suke ciniki kullum, kowa da ma'aunin shirunsa. Abin da za a samu a can zai amfani masu horar da tafintoci, da 'yan sanda masu ɗaukar jawabi, da ma'aikatan asibiti.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowannenmu zai iya yi tun yau. In ka yi wa wanda ba harshenku ɗaya ba tambaya ya yi shiru, ƙara masa ɗan lokaci kafin ka yanke masa hukunci. In ya tari numfashinka, kada ka yi saurin cewa raini ne, mai yiwuwa haka ake nuna ana tare da mai magana a garinsu. In ba ka gane ba, ka tambaya, tun da an auna an ga duk duniya haka ake yi kusan kowane minti ɗaya da rabi. In kuwa kai ne a gaban hukuma, ka nemi tafinta, kada ka ce "to" ga abin da ba ka yarda da shi ba, kuma in ka ce "dai", ka roƙi a bar ka ka ƙarasa maganarka.